GIDAN TALIYAR MYEONGDONG KYOJA: SHIN KIRARIN YA DACE DA MAI SHI?

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu, bayan mun dawo daga taron wannan ƙungiya tamu. Wani yayanmu a wannan sashe ya sami gurbin ƙaro ilmi a Koriya ta Kudu, sai ya zo mana da jerin wuraren da aka ce lalle ya leƙa idan ya sauka birnin Seoul. Akwai fadar sarakunan da a ciki, akwai kasuwanni, amma abin da ya ga an fi nanatawa shi ne wani gidan abinci mai suna Myeongdong Kyoja, inda ake sayar da taliya da kuma wani ƙunshin fulawa da suke kira mandu. Nan take ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce wanda ya je Seoul bai shiga gidan nan ba, tamkar wanda ya je Kano ne bai ga Dala ba. Wasu kuwa suka ce tarkon baƙi ne kurum, sunan ne ya yi tashe. Aka kai sha biyun dare ba a tsayar da magana ba.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mujallar Hausa da taliyar Koriyawa? Amsa ita ce, malamanmu sun koya mana cewa kirari magana ce da ake yi don a kambama abu, kuma aikin manazarci ne ya auna ya gani ko kirarin ya dace da mai shi. To, abin da ake yi wa gidan nan a jaridu da wayoyin hannu kirari ne zalla, sai dai ba da kalangu ake yin sa ba. Bugu da ƙari, Koriya ta daina zama wata duniya a gare mu. Da yawanmu mun tashi muna kallon Jumong, tun 2010 akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, kuma ɗalibanmu suna zuwa can karatu. Saboda haka tambayar yayan namu ba ta wasa ba ce.

Zan auna gidan da tambayoyi uku. Daga ina sunansa ya samo asali? Me yake zuba wa mutane a kwano? Sa'an nan wa ya kamata ya tsaya a layinsa? Ina gaya wa mai karatu tun da wuri cewa ba zan yi magana a matsayin wanda ya ci ba, kuma ba ni da niyyar ci. Dalili zai bayyana a gaba, shi ne ma ƙashin bayan wannan sharhi.

Asalin gidan da sunansa

An buɗe wannan gida a 1966 a unguwar Suha-dong ta birnin Seoul, da sunan Jangsujang. A 1969 ya koma Myeongdong, watau unguwar kantuna da ke tsakiyar birnin, inda babbar majami'ar nan ta Katolika da aka gama ginawa a 1898 take. A nan ne ya ɗauki sunan Myeongdong Kalguksu. A harshensu kal ita ce wuƙa, guksu kuwa taliya, domin asalin yin ta shi ne a kwaɓa fulawa, a murza ta ta yi faɗi, a ninke, sa'an nan a yayyanka da wuƙa.

Shekarun nan suna da muhimmanci. A da can alkama ba ta wadata a Koriya, shi ya sa taliya ta zama abincin biki. Har yanzu idan Bakoriye ya tambayi saurayi yaushe zai ciyar da su taliya, yana nufin yaushe zai yi aure. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 sai alkamar agaji ta riƙa kwararowa daga Amurka, shinkafa kuwa ta kasa isar jama'a. Gwamnatin Park Chung-hee ta shiga matsa wa mutane su rage cin shinkafa su koma fulawa, har a 1969 ta hana gidajen abinci sayar da shinkafa da rana a ranakun Laraba da Asabar, dokar da ta kai 1977 kafin a janye ta. Mai karatu zai lura cewa shekarar da aka kafa wannan doka ita ce shekarar da gidan ya koma tsakiyar birni. Ashe ke nan ba gwaninta kaɗai ta ɗaga shi ba, zamani ma ya ba shi hannu. Abincin da ya fara a matsayin na biki, ya koma na talauci, daga baya ya zama abin alfahari, har Shugaba Kim Young-sam, wanda ya yi mulki daga 1993 zuwa 1998, ya shahara da ciyar da baƙinsa kalguksu a fadar gwamnati.

Da gidan ya yi suna, sai masu kwaikwayo suka cika ƙasar, kowa ya buɗe rumfa sai ya rubuta Myeongdong Kalguksu a allonsa. Da yake sunan unguwa ne haɗe da sunan abinci, babu mai ikon cewa nasa ne shi kaɗai. Don haka a 1978 gidan ya saki sunan da shi ya yi masa gumi, ya koma Myeongdong Kyoja. Kalmar kyoja ita ce yadda Koriyawa ke furta kalmar nan ta Sinanci da ke nufin ƙunshin fulawa, wadda Japanawa ke ce wa gyoza. Wannan darasi ne ga mai nazarin sunaye, kuma gargaɗi ne ga matafiyi, domin ba kowane allo mai ɗauke da Myeongdong ne gidan da muke magana a kai ba.

Abin da ke cikin kwano

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙarancin abin zaɓe. Abinci huɗu kacal gidan yake yi, ɗaya ma daga ciki na lokacin zafi ne kawai.

Na farko shi ne kalguksu. A yawancin gidajen Koriya da busassun ƙananan kifaye ake yin romonsa, ko da wasu halittun teku masu ɓawo, ya fito garau. Na wannan gida ya sha bamban. Da kaza ake dafa romon har ya yi kauri, a zuba taliya mai laushi, a ɗora niƙaƙƙen nama da albasa waɗanda aka soya a wuta mai ƙarfi har suka ɗauki ƙanshin ƙuna, sa'an nan a jera ƙananan mandu guda huɗu a kai. Na biyu shi ne mandu ɗin kansa, wanda ake turarawa a irin madambacinsu a kawo guda goma. Fatarsa siririya ce har ana hango abin da ke ciki, watau nama da wani ganye dangin lawashi da man riɗi. Na uku shi ne bibim-guksu, taliya mai sanyi da ake cakuɗawa da jan yaji da kokwamba. Na huɗu shi ne kongguksu, taliya a cikin ruwan niƙaƙƙen waken suya mai sanyi, wanda ake samu daga wajen Afrilu zuwa Oktoba.

Akwai kuma na biyar wanda ba a biyan kuɗinsa, amma da yawa sun ce shi ne ainihin sarkin gidan. Wannan shi ne kimchi, kabejin nan da ake cuɗawa da barkono, wanda ba a raba Bakoriye da shi. Na gidan nan ba a barin sa ya daɗe ya yi tsami irin na ajiya, kuma an cika masa tafarnuwa har tana yi wa harshe zafi. Su kansu masu gidan sun san haka, domin sun daɗe da al'adar miƙa wa mai ci cingam ko alewa mai gyara baki. A tawa fahimtar wannan ba kuskuren hannu ba ne, lissafi ne. Romon yana da maiƙo da nauyi, taliyar ba ta da kaifi, to sai aka nemo abin da zai riƙa farkar da baki tsakanin loma da loma. Wanda ya taɓa cin ɗanwake babu yaji zai gane abin da nake nufi.

Tsarin ciniki ma nasu ne. Da ka zauna za a tambaye ka abin da kake so, ka biya nan take, kafin ka gyara zama kwano ya iso. An kuma san gidan da ƙara wa mutum taliya ko 'yar shinkafa kyauta, muddin kowa a teburin ya sayi kwanonsa.

Inda kirarin ya yi daidai

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Gidan nan ya cika arba'in ɗin tun 2006, yatsunsa kuma suna nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwa irin Myeongdong, inda kuɗin haya ke da tsada, kantuna ke buɗewa suna rufewa, kuma annobar korona ta 2020 ta bar shaguna da yawa babu kowa.

Abin da na fi yabawa shi ne haƙurin tsayawa a kan abu kaɗan. Galibi idan mai sana'a ya ga kasuwa ta buɗe sai ya shiga ƙare-ƙare, yau ya kawo wannan gobe ya kawo wancan, har ya manta da abin da aka san shi da shi. Gidan nan bai yi haka ba. Wanda ya shekara hamsin yana maimaita abu huɗu dole hannunsa ya faɗa, kuma da yake kayan ba su kwana saboda yawan masu ci, sabo ake samu kullum. Saurin da ake kawo abinci ma daga nan ya fito, domin madafin da ba ya jiran ya ji wane iri za a nema cikin talatin ba ya ɓata lokaci. A adabi ma haka abin yake. Mawaƙin da ya riƙe karinsa ya goge shi ya fi wanda ya taɓa kowane kari bai ƙware a ko ɗaya ba.

Akwai kuma shaidar waje. Kamfanin tayar mota na Faransa, Michelin, wanda tun 1900 yake buga littafin jagorar matafiya, ya fitar da na Seoul na farko a bugun 2017, ya sa gidan nan a rukunin da yake kira Bib Gourmand, ya kuma yi ta maimaita shi a bugun da suka biyo baya. Sai dai a nan ne masu kirari kan zarce gona da iri. Bib Gourmand ba tauraro ba ne. Ma'anarsa abinci mai kyau a farashi mai sauƙi. Wanda ya shiga yana tsammanin liyafar sarakuna, shi ya yaudari kansa.

Inda masu suka suke da gaskiya

Su ma 'yan ɗaya ɓangaren ɗakin namu ba su yi ƙarya duka ba. Layin gidan yakan fito har titi a lokacin abincin rana da na dare, ko da yake yana tafiya da sauri. Cikin gidan cike yake da hayaniya, kujeru a matse, wani lokaci a haɗa ka teburi da wanda ba ka sani ba. Wurin ci ne a tashi, ba wurin hira ba ne. Wanda ya saba da zaman majalisa, a ci a sha shayi a taɓa zance, zai ji kamar ana ƙirga masa loma.

Game da ɗanɗano kuwa, koke biyu ne suka fi yawa a bakin waɗanda gidan bai burge ba. Wasu na ganin taliyar ta cika laushi, ba ta da abin taunawa. Wasu kuma na ganin tafarnuwar ta wuce kima, tana bin mutum har washegari. Waɗannan koke-koke ba su nuna rashin iyawa, tun da gangan gidan yake yin haka, amma suna nuna cewa ba kowane baki aka yi wa shi ba. Haka kuma wanda ya ci na nan kaɗai ya dawo yana cewa ya san kalguksu, ya yi gaggawa, domin salon gida ɗaya ya sani.

Amma cewa tarkon baƙi ne kurum, wannan ban yarda ba. Tarkon baƙi shi ne wurin da 'yan gari suka guje wa. Gidan nan kuwa 'yan gari ne suka raya shi tun kafin baƙi su san hanyar Myeongdong, kuma har yanzu suna cikin layin.

Abin da kirarin ya tsallake

Yanzu mun zo kan maganar da ta fi damuna. Duk jerin da yayan namu ya karanto mana, babu inda aka ce da wane nama ake cika mandu ɗin nan. To, naman alade ne. Gidan bai ɓoye ba, yana ma alfahari da ingancinsa. Ƙananan mandu huɗun nan da ke kan kalguksu su ma ba su tsira ba, suna kuma zaune ne tsamo-tsamo a cikin romon, don haka tsame su a ajiye gefe ba ya warware komai. Ita kanta kazar romon, Musulmi zai so ya san yadda aka yanka ta. A taƙaice, abinci biyun da suka jawo wa gidan suna, su ne biyun da mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba za su iya kai wa baki ba.

Ba na ɗora wa gidan laifi a kan wannan. Koriyawa ne suke dafa wa Koriyawa abincinsu, kuma naman alade yana daga cikin naman da suka fi ci. Laifin na mai ɗaukar kirarin da aka yi don wani ne ya yafa wa kansa ba tare da ya duba ba. Wanda ya rubuta cewa kowa ya je, yana nufin kowa irinsa. Alƙalan Michelin ma da harshe suke aunawa, ba su zo duba halas da haram ba. Abincin wani gubar wani, in ji masu iya magana, kuma babu littafin jagora da zai yi maka wannan lissafi.

Akwai wani abin sha'awa a nan ga ɗalibin adabi. Masana da yawa suna ganin mandu ya shiga Koriya ne a zamanin daular Goryeo, ta 918 zuwa 1392, lokacin da Mangolawa suka yi rinjaye, kuma sunansa ɗan'uwan manti ne na Turkawa da mutanen tsakiyar Asiya. Akwai wata tsohuwar waƙa tasu mai suna Ssanghwajeom, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Chungnyeol, 1274 zuwa 1308. A baitinta na farko an ambaci wani shago da ake ɗauka na irin wannan ƙunshin fulawa ne, mai shagon kuwa an kira shi da kalmar da suke kiran Musulmin tsakiyar Asiya da ita a lokacin. Waƙar ba yabonsa take yi ba, shaguɓe ce a kan lalacewar ɗabi'un zamanin, sarki da malamin addini ma ba su kuɓuta daga bakinta ba. Amma idan wannan fahimta ta yi daidai, ta bar mana alamar cewa fiye da shekara ɗari bakwai da suka wuce Musulmi yana sayar wa Koriyawa irin wannan abinci. Yau kuwa Musulmi ne zai tsaya a ƙofar shahararren gidan mandu yana tambayar me aka ƙunsa a ciki. Haka abinci yake, idan ya yi ƙaura sai ya ɗauki al'adar masaukinsa.

To, ina mafita? Kongguksu dai waken suya ne jigonsa, nama ba ya cikin tsarinsa. Idan abokan karatu Koriyawa suka gayyaci mutum a lokacin zafi, kuma ƙin zuwa zai zama rashin kyautawa, wannan ita ce ƙofar da zai duba, bayan ya yi tambaya, ya kuma tuna cewa madafi ɗaya ne. Kalmar da zai riƙe ita ce dwaeji-gogi, watau naman alade. Dokar ƙasar ta wajabta wa gidajen abinci su rubuta asalin naman da suke amfani da shi, don haka allon da ke jikin bango yakan faɗi gaskiya tun kafin a buɗe baki. Wanda kuwa kalguksu ɗin yake marmari, ya nemi irin na kifi ko na halittun teku, tun da a mazhabar Malikiyya da muke bi abin da ya fito daga teku halas ne, amma nan ma ya tambayi da me aka yi romon. Idan naman yanka yake so, ya nufi Itaewon, inda babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976 yake, akwai gidajen abincin halas a kewayensa.

Kammalawa

Hukuncina ya rabu biyu, kamar yadda ɗakinmu ya rabu, sai dai ba a inda suka raba shi ba.

Ga ɗan'uwanmu wanda addininsa bai hana shi wannan nama ba, kuma muna da su a wannan sashe da wannan ƙungiya, ina cewa ya je. Ya kauce wa tsakar rana, ya bari sai wajen ƙarfe uku layi ya ragu. Ya nemi kalguksu, idan su biyu ne su raba mandu ɗaya, ya fara taɓa kimchi kaɗan kafin ya saki jiki, kada kuma ya sa ganawa da malaminsa a wannan yammacin. Zai ga sana'ar da aka daɗe ana gogewa, a kuɗin da ɗalibi zai iya biya. A wurinsa kirarin ya dace da mai shi, in an cire ƙarin gishirin maroƙa.

Ga Musulmi kuwa, ina cewa bai cancanci layin ba. Zai tsaya ne don abin da ba zai ci ba, in ma ya ci wani abu, to gefen tabarma ya samu. Ya wuce ta ƙofar ya ga layin idan yana so, gani ma ilmi ne, sa'an nan ya kai yunwarsa inda zai ci da natsuwa. Babu abin da ya ragu a tafiyarsa don bai shiga ba.

Wannan shi ne abin da na gaya wa yayan namu washegarin gardamar. Ya ɗauki biro ya soke sunan gidan daga jerinsa, ya rubuta dwaeji-gogi a bayan takardar don ya haddace. Ina roƙon 'yan'uwa ɗalibai da za su bi sawunsa, duk jerin da aka miƙa musu su fara tambayar wa ya rubuta shi, kuma don wa ya rubuta. Matambayi ba ya ɓata. Idan kuwa akwai wanda yake ganin na tauye wa gidan haƙƙinsa, ko na ba shi fiye da nasa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.